Baƙar Matsarmamar Hindu

Kalma ɗaya likitar ta rubuta a ƙasan katin, ta ja mata layi, ta miƙa wa Malam Zubairu. Ya karɓa da hannu biyu yana gyaɗa kai irin na wanda ya gane. To, ina zai ce bai gane ba? Shekara tara yana koyar da Turanci a wata firamare a Talata Mafara, ga biro uku jere a aljihun gaba, har da jan da yake duba aikin yara da shi. Mutum mai biro uku ba ya tambayar ma'anar kalma a gaban jama'a.

Baturiya ce, tana duba marasa lafiya a ɗan asibitin ma'aikatan madatsar ruwa ta Bakolori. Ta auna mahaifiyarsa, Inna Hindu, ciki da bai. Ta saurari ƙirjinta, ta leƙa idonta, ta ɗauki jini, ta ce jikin tsohuwa ƙalau yake, ya ma fi na wasu samari. Sai ta tambaye shi ko akwai abin da tsohuwar ta rasa kwanan nan.

"Kowa ya rasa wani abu," in ji Malam Zubairu da Turancinsa na aji. "Gari guda ruwa ya ci."

Gaskiya ya faɗa, amma irin gaskiyar nan ce da ake shimfiɗawa a kan wata don kada a gan ta.

Wata biyar ke nan da aka tashi mutanen Tungar Maccido daga bakin gulbi, aka zube su a kan tudu kusa da Maradun, aka sa wa wurin suna Sabuwar Tunga, ruwan tafki ya hau ya shanye fadamarsu da tsamiyoyinsu. Maza suna ta gunaguni a kan gonaki, mata suna kukan nisan rijiya. Ita Inna Hindu ba ta yi gunaguni ba, abin da ya tayar wa ɗanta da hankali ke nan. Matar da a da in ta buɗe baki da asuba zakaru ke jin kunyar yin cara, yanzu sai a wuni ba a ji tarinta ba. A kawo fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture. A kawo tuwo ta ce ta ƙoshi. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta sau biyu. Malam Zubairu ya tsorata ƙwarai, don ya ga uwarsa tana tafiya a gabansa kaɗan-kaɗan, kuma babu ciwon da zai nuna da yatsa.

Suna isa gida ya shige ɗakinsa, ya sauko da ƙamus ɗinsa daga kan akwati. Kyauta aka ba shi a kwalejin horon malamai, littafi ne mai nauyin turmi, yana naɗe da tsohon rawani saboda gara. Ya lashi yatsa ya bi haruffa har ya kamo ta. Melankoli. Ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi: matsanancin baƙin ciki mai daɗewa, sau da yawa ba tare da wani sanannen dalili ba.

Ya sake karanta ƙarshen. Ba tare da wani sanannen dalili ba. Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, ya yi ajiyar zuciya.

A ƙasa da ƙananan haruffa aka ba da asalinta. Ashe kalmar ma baƙuwa ce a wurin Turawan Ingila, aro suka yi daga Yunanawa. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin baƙi, ɗaya tana nufin ruwan matsarmama. Likitocin Yunanawa na zamanin da sun ɗauka ruwa huɗu ne ke riƙe da jikin ɗan Adam, in baƙin ya rinjayi sauran sai mutum ya zauna ya yi tagumi, duniya ta fita ransa.

Ilimi kamar tuwon zafi ne, ba ya riƙuwa a hannu. Bayan la'asar ya fito da ƙamus ɗin gindin darbejiyar da ake zama, ya warware wa dattawa abin da ya gano. Liman ya shafa gemu ya ce lallai Yunanawa sun yi bincike, shi ma ya taɓa cin karo da ruwayen nan huɗu a wani littafin ɗibbu. Amma wanda abin ya fi shiga shi ne Ɗantani wanzami, wanda ya ajiye zabirarsa ya matso har gwiwarsa na taɓa littafin.

"Tsaya, Malam. Baƙin ruwa sunka ce?"

"Haka aka rubuta."

"Cikin ciki?"

"A matsarmama."

"Allahu akbar!" Ɗantani ya tafa hannu. "Mu mun ce baƙin ciki mun tsaya nan, su sun kutsa ciki sun nuna wurin da yatsa. Ashe Yunanawa wanzamai na! To mi aka jira? Abin da ad baƙi cikin jiki, ƙaho ka jawo shi. Tun kakana haka mu kai."

Malam Zubairu ya yi ƙoƙarin bayyana cewa likitocin yanzu sun daina yarda da zancen, suna ne kawai ya rage. Wa zai saurare shi? Shi da kansa ya karanto daga littafi mai nauyin turmi, kuma a Sabuwar Tunga abin da ke cikin littafi ya fi ƙarfin wanda ya karanto shi. Washegari da hantsi matar Ɗantani ta kafa wa Inna Hindu ƙaho shida a baya, shi yana daga zaure yana ba da umarni. Jini ya fito baƙi, kamar yadda yake fitowa a bayan kowa. Aka kawo masa a kasko ya duba, ya ce to ga Yunananci nan ƙuru-ƙuru. Liman ya aiko da rubutun sha. Wani mahauci ya aiko da saƙo cewa a guji ba ta kitse. Inna Hindu ta miƙa baya aka yi ƙaho, ta shanye rubutu, ta koma ta kwanta ta juya fuska ga bango.

Da yamma Hadizatu, matar Malam Zubairu, ta same shi yana gyaran fitila.

"Malam, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Satin da munka tare, ranar Jumma'a, Inna ta tuƙa tuwo da kanta. Ta cika baƙin akushin nan, ta ɗauka ta nufi katanga ta gabas. Ta ɗaga shi sama kamar za ta miƙa. Sai ta tsaya." Hadizatu ta nuna gabas da hannu. "Ka san bayan katangar nan babu kowa, sai fili da tumfafiya. Ta daɗe a tsaye. Ta dawo ta juye ma kaji. Tun ranar ba ta sake taɓa muciya ba."

"Littafi ya ce babu dalili," in ji shi, bai ɗago ba.

"To, littafi ya fi ni sani," in ji Hadizatu, ta fita. Yadda ta faɗe shi, da ma zaginsa ta yi.

A nan sai an koma baya. A tsohuwar Tunga, bayan katangar gabas ta gidansu, akwai Gwaggo Kubura. Taubashiyar Inna Hindu ce, uwar wannan da uban waccan ciki ɗaya suka fito. Wasan taubasai kowa ya san shi, ana yi ana dariya a wuce. Nasu kuwa ya wuce gona da iri. Shekara arba'in suna maƙwabtaka, shekara arba'in suna musayar baƙar magana ta kan katangar da ba ta wuce ƙirji ba. In hayaƙin Kubura ya shigo, magana. In kazar Hindu ta tsallaka, magana. Kubura ta ce Hindu rowa ta hana ta ƙiba, Hindu ta ce Kubura in ta yi dariya jarirai ke firgita. Tushen rigimar kuwa akushi ne, baƙi wuluk, na kakarsu. Kowacce ta ce ita aka bar wa. Da abin ya gagari manya, sai su biyun suka yi wa kansu doka: akushi ba ya tsallaka katanga wayam. Yau Hindu ta cika shi da tuwo ta miƙa tana cewa, "Ungo, ki ɗanɗana abincin mutane." Gobe Kubura ta mayar da shi cike da dambu tana cewa, "Karɓi, ki koyi girki kafin ki mutu."

Malam Zubairu ya tashi cikin wannan hayaniya, kuma tun yana makaranta take ba shi kunya. Da aka zo tashin gari, aka nemi mai kyawun rubutu ya taimaka wajen jera sunayen waɗanda za su zauna kusa da Maradun da waɗanda za a ba filaye wajen Bakura, sai aka ɗauko shi. Ya keɓe da Ayuba, ɗan Gwaggo Kubura, wanda ya samu aikin gadin magudanar ruwa a can. Suka yi shawara irin ta 'ya'ya masu hankali: tsofaffin nan sun gaji, a raba su kowacce ta huta. Layi ɗaya ya ja da biro, sunan Gwaggo Kubura ya koma cikin na Bakura. Ranar tashi akushi yana hannun Hindu, ita ke da miƙawa.

Shi kuwa Ɗantani, wanzami ne, kuma wanzami ba ya aski da baki rufe. Ranar Talata ya kafa bencinsa a kasuwar Mafara, duk kan da ya shigo hannunsa sai ya tashi da labarin Yunanawa. Labari ya hau motar Bakura, yana tafe yana ƙiba. Kafin ya sauka ya zama cewa Baturiya ta leƙa cikin Hindu da madubi, ta tarar matsarmamarta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, kuma an ce kwananta ya ƙare.

Ranar Alhamis da hantsi wata tifa mai ɗaukar tsakuwa ta tsaya a bakin hanya, aka sauko da wata tsohuwa daga gaba, ita da ƙunshinta, tana yi wa direba faɗa a kan gudu. Malam Zubairu yana zaure yana duba littattafan yara. Yana ganinta ya ajiye biro. Ya durƙusa.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen..."

"Riƙe gaisuwarka, ɗan boko. Ina gawar?"

Ba ta jira amsa ba ta kutsa. Ya bi ta a guje, Hadizatu ta saki tsintsiya. Inna Hindu tana kwance a ɗaki, fuska ga bango, ƙwaryar fura a gefenta ƙudaje na zagayawa. Gwaggo Kubura ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ta ƙare mata kallo.

"Alhamdu lillahi," ta ce da ƙarfi. "Shekara arba'in ina hwaɗa ma mutane matsarmamar matar ga baƙa ta, ba wanda ya yarda. Sai da Allah ya taso Baturiya tun daga ƙasarsu ta zo ta shaide ni."

"Gwaggo, don Allah, ba ta da lafiya..."

"Kai, yi man shiru. Da manya nike."

Bayan Inna Hindu bai motsa ba. Gwaggo Kubura ta shiga, ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba, ta jawo ƙwaryar furar ta kurɓa, ta yatsine fuska ta ce ko furar gidan ta koyi rowa. Ta dubi tabon ƙaho ta ce an yi asarar ƙaho, wannan sai an kafa mata turmi. Sai ta fara waige-waige, idonta ya sauka a kan wani abu da ke leƙowa daga ƙarƙashin matashin kai. Ta sa hannu ta zaro. Baƙin akushi ne, an goge shi da man gyaɗa har yana ƙyalli.

"Ɓarauniya! Ashe nan kinka ɓoye shi. To na ɗauki abina, in kin mutu sai a aiko man."

Ta miƙe, ta saƙale akushi a hammata, ta taka ɗaya, ta taka biyu.

"Ajiye."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Hadizatu ta dafe ƙirji.

"Wa ka magana? Na ji kamar ƙwaro."

"Na ce ki ajiye akushin kakata." Inna Hindu ta juyo, ta dafa gado ta tashi zaune. "Wa ya buɗe ma akuya ƙohwa ta shigo man ɗaki?"

"Kakarki? Ni daga kogon kuka na hito?"

"Da ganin fuskarki ai ba a yi musu ba."

"To ni dai na tahi da shi."

"Wayam?" Inna Hindu ta zaro ido. "Bakura ta ɓata ki. Yaushe akushin nan ya taɓa tsallakawa wayam? Hadizatu! Hura man wuta. Ki jiƙa sure, ki duba in akwai sauran daddawa. In ban cika ma wagga mayunwaciya ciki ba, ta bi gari tana cewa a gidana anka hana ta."

Sai da aka riƙe ta ta kai murhu, amma da muciya ta shiga hannunta ba ta yarda kowa ya karɓa ba. Tana tuƙi tana haki tana zagi, Gwaggo Kubura tana zaune a kan turmi tana ramawa, tana cewa gari ya yi yawa, wuta ta yi kaɗan. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Wata tsohuwa daga can ƙarshen layi ta aiko a tambaya ko da gaske ne abin da kunnenta ke ji, don rabonta da jin garin nan ya yi kama da gida tun ranar tashi.

Aka cika akushi da tuwon dawa, aka kwarara miyar sure. Inna Hindu ta tura shi gaban taubashiyarta.

"Ungo, ki ɗanɗana abincin mutane."

Gwaggo Kubura ta kai loma, ta tauna, ta dubi sama. "Babu gishiri."

"Ƙarya kike."

"Ɗanɗana ki ji."

Inna Hindu ta gutsura don ta ƙaryata ta. Ta sake gutsura don ta tabbatar. Malam Zubairu yana tsaye a jikin rumbu yana kallon hannun uwarsa yana zuwa yana dawowa, bai san hawaye na zubo masa ba sai da ya ji gishirinsu a baki. Daɗi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi, duka a lokaci guda.

A nan ne ya lura da ɗaya hannun. Duk sanda Gwaggo Kubura ta ɗaga loma, awarwaronta na azurfa sai ya zame ya gangara har gwiwar hannu. Ya san awarwaron nan tun yana yaro, a da cikin nama yake nutsewa, ko da sabulu ba ya fita.

Da ta fito zaure yin alwalar azahar, ya kawo mata buta ya tsuguna.

"Gwaggo, kin rame."

"Ruwan Bakura na bai karɓe ni ba." Ta wanke hannu, ba ta dube shi ba. "Kai da Ayuba kun iya rubutu, Allah shi ƙara basira. Kun ɗauka ba mu sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun ɗauka hutu muka ba ku."

"Hutu sai kabari, ɗan nan. Can ma in an haɗa mu kusa, sai ta ji daga gare ni." Ta shafa ruwa a fuska, ta daɗe tana shafawa fiye da yadda alwala ke bukata. "Ita ta samu Baturiya ta rubuta ma nata ciwon suna. Kada ka gaya mata na rame. Ta samu abin gori."

Da la'asar tifar ta dawo ta tsaya a bakin hanya tana ta oda. Gwaggo Kubura ta ɗaura ƙunshinta, ta ce ba ta tafiya sai da akushi. Inna Hindu ta ce ai akushi ya riga ya tsallaka, yanzu Kubura ke da mayarwa, kuma in ta kai shi Bakura wa ya san ranar da zai dawo, ga ta da halin ɓera. Gwaggo Kubura ta ce ita ba ta girki a murhun wata. Suka tsaya cirko-cirko. Direba ya gaji da oda ya ja motarsa.

Hadizatu ta zaga bayan ɗaki ta ɗauko duwatsu uku na murhu, ta jera su a gabashin tsakar gida, ta dubi mijinta.

Washegari Jumma'a, tun da sassafe Malam Zubairu ya aika wa Ayuba takarda cewa ya turo sauran kayan Gwaggo. Sannan ya tuɓe riga, ya haƙa ramuka, ya kafa dirkoki, ya ɗaura zana ta raba tsakar gidansa biyu. Ɗantani ya biyo ta ƙofar gida da zabirarsa, ya leƙo ya ga Inna Hindu a tsaye tana tankaɗe, ya ce ai ya faɗa, ƙahon Yunanawa ba ya ƙarya, sai dai ya yi jinkiri. Malam Zubairu ya ce haka ne, Allah ya saka da alheri.

Da ya gama ya shiga ɗaki ya wanke hannu. Ƙamus yana nan buɗe a kan akwati, katin asibiti a tsakiyarsa. Ya sake karanta layin. Ya zaro jan biro daga aljihun rigar da ke rataye, ya ja layi a kan "ba tare da wani sanannen dalili ba," kamar yadda yake yi wa yaron da ya kusa cin amsa ya ɓata ta a ƙarshe. Ya rufe littafin ya naɗe shi da rawaninsa.

"Malam!" Muryar uwarsa ta taso daga tsakar gida, garau, har kaji suka watse. "Zo ka rage tsawon zanar ga. Ba ni ganin munin fuskarta."